Maigida ya ce ba za ta je gasar mutum-mutumi a Abuja ba

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce a nan Kaduna, 'ya'yana biyar, babban namiji yana jami'a. Mai bi masa mace ce, shekararta 15, tana aji biyu na babbar sakandare. Tun farkon zango ta shiga ƙungiyar haɗa mutum-mutumi ta makarantarsu, irin wanda ake haɗawa da kayan LEGO, kuma ita ke rubuta masa umarni a kwamfuta. Sun je gasar share fage sun tsallake, yanzu an gayyace su gasar ƙasa a Abuja, kwana uku, an ce kowane gida ya kawo naira 60,000. Malaminsu ya ce musu idan suka ci za a kai su Amurka. Babanta ya ce sam: wasan yara ne, hanyar Abuja ba ta da tabbas, 'yarsa ba za ta kwana a wani gari ba muharrami ba, ga WAEC baɗi. Yarinya ta daina cin abincin kirki, ko gaishe shi sai da ƙyar. Malamin kuma kullum sai ya kira ni, wai idan ba ta je ba ƙungiya ta rushe. Takardar amincewar iyaye na cikin jakata, har na yi tunanin in sa hannu in ce masa gidan yayata za ta je a Kubwa. Ni kaina ban san amfanin abin sosai ba, ban kuma san ko maganar Amurkan gaskiya ce ba. Ki ba ni shawara.

Wata uwa daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Takardar nan ta jakarki ta fi komai tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Kada ki sa mata hannu a ɓoye. A irin wannan taro kowa da wayarsa a hannu, makaranta ma za ta zuba hotuna a Facebook da zauren WhatsApp na iyaye, kuma kafin yarinya ta sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa wani abokin maigida ya tura masa hoton yana taya shi murna. Daga ranar, duk abin da kika zo masa da shi game da yaran nan sai ya yi kokwanto, ita kuma ta koyi cewa idan uba ya hana abu zagaye shi ake yi. Kwana uku a Abuja bai kai wannan asarar ba.

Amma ina ganin tafiyar ta cancanci ki tsaya mata, tsayawa ta gaskiya, a fili. Sai dai ba ki iya kare abin da ba ki sani ba, to bari in faɗa miki abin da 'yarki take yi.

Daga yadda kika kwatanta, gasar FIRST LEGO League ce. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, kuma tun 1998 suke wannan gasa tare da kamfanin LEGO na ƙasar Denmak. A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke shirya ta. Rukunin da 'yarki take ciki na 'yan shekara 9 zuwa 16 ne, ƙungiya ba ta wuce yara goma, da manya biyu masu kula da su. Kowane watan Agusta ake fitar da aikin shekara, iri ɗaya ga duk duniya, ta yadda abin da ke hana 'yarki barci a Kaduna shi ke hana yaran Japan da Jamus barci a lokaci guda.

Tebur ne mai tsawon mita biyu da 'yan kai, an shimfiɗa masa leda mai zane, an kakkafa ƙananan abubuwa a kanta. Mutum-mutumin ba shi da kai ba shi da ƙafa, 'yar na'ura ce mai taya wadda ba ta fi kwalin takalmi ba. Minti biyu da rabi ake ba ta: ta ɗaga wannan, ta tura wancan, ta ɗauko wani ta kawo gida, wato inda ta taso. Ba rimot a hannun kowa. Da an danna maɓalli, umarnin da aka rubuta tun a makaranta ne kaɗai ke tuƙa ta, wanda kuma ya kai hannu ya taɓa ta a tsakiyar fili ya jawo wa ƙungiyarsa ragin maki. Wannan umarnin shi ne aikin 'yarki. Idan ta rubuta taya ta juya sau uku da rabi alhali uku da kwata ake bukata, hannun na'urar zai wuce abin da aka aike shi da faɗin yatsu biyu ko fiye, maki ya tafi. Dole ta auna kewayen taya, ta raba nisan da shi, ta gwada, ta goge, ta sake. Lissafin da'ira da kusurwa ne na cikin littafinta, sai dai a nan idan ta yi kuskure ba jan biro za ta gani ba, na'ura za ta gani ta nufi bango.

Yadda ake tsallakewa daga mataki zuwa mataki kuma shi ne wurin da iyaye da yawa, har da wasu malaman, ke yin kuskuren fahimta. Ba makin tebur kaɗai ake dubawa ba. Kashi huɗu ne, nauyinsu ɗaya: makin tebur, bayanin yadda suka ƙera na'urar da dalilin kowane zaɓi da suka yi, aikin bincike inda suke nemo wata matsala ta gaske da ta shafi taken shekarar su kawo mata mafita, sai ɗabi'a da haɗin kai. Yawancin wannan a ɗakin alƙalai ake tantance shi, zaman kusan rabin awa, yara ne ke magana, malami ko an bar shi ya shiga ba ya cewa uffan. A tebur kuwa kowace ƙungiya na samun zagaye uku aƙalla, a ɗauki mafi kyawun makinta. Shi ya sa ƙungiya kan fi kowa maki a tebur ta koma gida da kofin tebur kawai, wata da ta zo ta uku a nan amma ba ta gurgunce ko'ina ba ta zama zakara. Tsallakewar da su 'yarki suka yi a share fage, ke nan, tana nufin an saurare su an ga sun san abin da suke yi. Ki riƙe wannan, hujja ce.

Maganar Amurka kuwa, malamin bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Gaskiya ne ana babban taron duniya a birnin Houston na jihar Texas a watan Afrilu. Sai dai gurbin da ƙasa ke samu kaɗan ne ƙwarai, zakaran ƙasa ke ɗauka, na kusa da shi kuma akan gayyace su wasu gasannin da ake yi a ƙasashe daban-daban. Gayyata kuma ba tikitin jirgi ba ce. Galibi ƙungiya ce ke nemo kuɗin rajista da na jirgi da na masauki, ko daga makaranta ko daga masu ɗaukar nauyi. Bayan duk wannan ga biza, wadda ba ta hannun malami ba ta hannun shugaban makaranta. A 2017, lokacin da aka fara wata gasar 'yar'uwar wannan mai suna FIRST Global a birnin Washinton, 'yan mata shida daga Herat ta Afganistan sau biyu ana hana su biza, sai da maganar ta cika kafofin labarai na duniya aka bar su suka shiga ana saura 'yan kwanaki. Yaran Gambiya ma an fara hana su kafin daga baya a ba su. Su nasu ya yi kyau a ƙarshe, amma ba kowa duniya ke yi wa magana ba.

Saboda haka ki cire Amurka daga zancen gidanki gaba ɗaya. Mutumin da ke jinjina Abuja, idan kika ce masa bayanta akwai Amurka, kin ƙara masa dalilin rufe ƙofar tun daga nan. Ita ma yarinyar ki sauke mata wannan buri a hankali, kada ta je Abuja ta yi abin yabo ta dawo tana kuka don ba a ba ta jirgi ba.

Ribar tana Abujan ita kanta. A makarantarsu ita ce gwana, kowa ita yake tambaya. A zauren gasa za ta ga wasu yara sun warware abin da ya ci mata mako uku da wata 'yar dabara da ba ta taɓa zuwa mata ba, kuma a al'adar wannan gasa idan ta tambaya za su nuna mata, don taimakon abokin hamayya na cikin abin da ake yaba wa ƙungiya. Za ta ga na'urar da ke aiki lafiya lau a ajinsu ta rikice, saboda hasken fitilun zaure ya bambanta kuma idon na'urar da ke gane baƙin layin kan tebur ya daina gane shi, ga zagaye na biyu saura minti ashirin, ga ƙawayenta sun zuba mata ido. Za ta tsaya gaban manya da ba ta sani ba su tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan hanya ta bar waccan, ba wanda zai amsa mata. 'Ya'yanmu mata da yawa sai sun kai aji huɗu a jami'a, ranar kare kundin bincike, suke fara haɗuwa da irin wannan tsayuwa, murya na rawa. Ba zan ce miki takardar shaidar gasar za ta ƙara mata maki ko ɗaya a JAMB ba, ba ta ƙarawa, kuma ba alƙawarin tallafin karatu ba ce. Abin da za ta yi mata shi ne ta san ko injiniyanci nata ne tun kafin ta cike fom, ga ABU a Zariya, ga Kadpoly da AFIT ta sojojin sama a cikin gari, duk ba sai an yi nisa ba.

Yanzu maigida. Dalilai huɗu ya kawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Kuskuren da za ki yi shi ne ki haɗe su ki kira su taurin kai.

Tsoron hanya gaskiyarsa ne. Ba wanda ya zauna a Kaduna shekarun nan da zai raina shi. Mun ga harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, da watannin da iyalai suka yi suna jiran nasu, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Uban da ya tuna wannan ya ce a'a, soyayya ce ta yi magana. Ba a amsa irin wannan da "ba komai insha Allahu" kawai. Ki je makarantar da kanki ki karɓo bayani a rubuce: da me za a tafi, jirgin ƙasa ko mota, ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo, malamai nawa ne kuma akwai mace a cikinsu, ina ne masauki, ina 'yan mata za su kwana, lambar wa za a kira da dare. Idan aka ce miki mota ce kuma sai bayan rufe taro da yamma za a kamo hanya, ni ma ina bayan maigida. Idan makaranta ta kasa ba ki amsar waɗannan, ba ta shirya ɗaukar 'yar kowa ba.

Batun muharrami ba sai an yi musu a kansa ba, tunda maganinsa na cikin gidanku. Ga yayanta. Ga shi maigidan kansa, idan zai iya barin harkarsa kwana uku, wanda a ganina ya fi komai. Kuma gidan yayarki na Kubwa da kika so ki fake da shi, ai ana iya mayar da shi gaskiya: jirgin Rigasa na tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa tashar Idu ta Abuja, sai yaron ya raka ƙanwarsa, ko ke da shi ku tafi tare, a kwana a gida, da safe a kai ta zaure, da yamma a ɗauko ta. Kin ga an rage kuɗin masauki, an kuma cire maganar kwana a baƙon wuri. Ki shimfiɗa masa waɗannan ya zaɓa da kansa. Abin da ya zaɓa da bakinsa zai tsaya a kai.

WAEC kuwa hujja ce da ta fi ƙarfi a wajenki. Bana tana aji biyu, kwana uku ba za su rushe komai ba. Baɗi tana aji uku, ga JAMB, ga WAEC, ga NECO a jere, shekarunta kuma sun kai bakin iyakar rukunin. Idan akwai shekarar zuwa, wannan ce. Amma ki ɗauko sakamakonta na zangon da ya wuce ki duba da idon gaskiya kafin ki buɗe baki. Idan lissafi da fiziks sun tsaya ko sun ƙaru, ki ajiye masa takardar a gabansa. Idan sun sauka tun da ta shiga ƙungiyar, to yana da magana, sai a yi yarjejeniya: ta je, ta dawo ta ajiye na'ura har sai maki ya koma inda yake.

Saura "wasan yara". A nan ba na ganin laifinsa sosai, don kayan LEGO a ido kayan wasa ne, ja da rawaya da shuɗi. Gani ya kori ji. Ki roƙi makaranta ta sa rana ɗaya bayan tashi yaran su nuna wa iyaye aikinsu, a gayyace shi da takarda mai sunansa. Mutumin Kaduna da ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake mayar da tarkacen ƙarfe injin niƙa ya san darajar mai haɗa abu da hannunsa. Ya tsaya kan teburin nan ya ga na'ura ta tashi ita kaɗai ta yi kwana ta ɗauko abu, a ce masa 'yarsa ce ta tsara kowane taku, sannan a ji me zai ce.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba wanda nake zargi. Kin ce malamin ke yake kira kullum. Shi ya taɓa kiran maigida? Idan labarin ya iso masa ne a matsayin abin da aka gama shiryawa, an sa rana, an yanka kuɗi, saura hannunsa, to wani kason "a'a" ɗin nan na jin an mayar da shi na ƙarshe ne. Ki gaya wa malamin, cikin mutunci, ya daina kiranki a kan wannan, ya nemi izini ya zo gida ko wurin aikin maigida ya gaishe shi, da wasiƙar shugaban makaranta a hannu. Ki kuma ce masa ya daina faɗa wa yarinya ƙungiya za ta rushe idan ba ita. Na san ƙwazo ne ya sa shi, malaman da ke zama da yara bayan tashi ba tare da an ƙara musu ko sisi ba sun cancanci godiya. Amma wannan kaya ne da ya fi ƙarfin 'yar shekara 15, kuma alƙalan gasar na duba ko kowane yaro ya san aikin. Ƙungiyar da mutum ɗaya ne kawai ya iya rubuta umarninta tana da giɓi, gyaransa kuma aikin malami ne.

Kuɗin ma ki nemi a rarrabe miki shi: nawa ne na mota, nawa na masauki, nawa na abinci, nawa makaranta ta sa daga aljihunta. Sunan makaranta yaran za su ɗaga, bai kamata duk nauyin ya faɗo kan iyaye ba, ga ƙungiyar iyaye da malamai, ga tsofaffin ɗalibai. Kada ki ci bashi a ɓoye saboda wannan.

Ita kuma 'yar taki, ki zaunar da ita ku biyu. Ki fara da nuna mata kin san zafin da take ji, wata da watanni tana aiki ga shi ana neman a tafi a bar ta. Sannan ki faɗa mata gaskiya: ƙin cin abinci da gaisuwar ciki-ciki suna tabbatar wa babanta cewa yarinya ce da ba ta isa tafiya ba. Ta gyara gaisuwarta tun gobe da asuba, ta kai masa ruwa kamar yadda ta saba. Bayan kwana biyu, idan ya ci abincin dare hankalinsa a kwance, ta nemi izini ta yi masa bayanin aikinta da bakinta, minti biyar, ba kuka ba roƙo. Wadda za ta tsaya gaban alƙalai a Abuja ta fara gwadawa a falon gidansu. Ke kuma taki maganar ki yi ta daban, ba a gaban yara ba, kuma ki fara da cewa kin yarda da tsoronsa. Idan bayan wannan yana jan ƙafa, sai ki nemi wanda yake jin nauyinsa, Hajiyarsa ko yayansa, ki kai maganar a matsayin neman shawara, kada ya ji an kai ƙararsa.

Yana iya jin duk wannan ya ce dai a'a. Idan haka ta faru ku karɓa, kada gidan ya koma filin gaba. Ta zauna da biyu daga cikin ƙawayenta ta koya musu umarnin layi-layi, ta rubuta musu abin da za su duba idan na'ura ta kauce, da daddare su kira ta a wayarki idan sun maƙale. Aikinta zai je ko ita ba ta je ba. Ki kuma tambaye shi, ba da fushi ba, wane sharaɗi ne idan an cika zai yarda wani karon, don ƙofar ba ta rufe daga wannan gasar ba. Akwai World Robot Olympiad, wadda aka fara a 2004, ƙungiyarta yara biyu ne ko uku da mai horarwa, tana ɗaukar 'yan shekara 19 ma. A watan Janairu take fitar da aikinta, a yi gasar ƙasa, zakarun su haɗu a watan Nuwamba a ƙasar da aka zaɓa: Panama a 2023, Izmir ta Turkiyya a 2024. FIRST Global kuma ƙungiya ɗaya tak take karɓa daga kowace ƙasa, 'yan shekara 14 zuwa 18. Ko bayan ta gama WAEC shekarunta ba su wuce waɗannan biyun ba.

Idan kuma Allah ya sa ya amince, ki sa ta kwafi umarnin a filas na kwamfuta ta riƙe a jikinta ban da wanda ke kwamfutar makaranta, su tafi da soket mai dogon waya da cajar batir, su kuma cika batirin kafin kowane zagaye, don batir mai rauni na canza tafiyar na'urar ko ba a taɓa umarni ba. Ta riƙa kiran babanta da kanta, da isarsu da kuma kowane dare, kada ta jira shi ya kira. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba yaran sa'a.